Awo Ɗaya, Yadi Daban: Daidaita Rumbun Gwaji da Rumbun Aiki

Azare a yau gari ne na rajista. Ga babban asibitin gwamnatin tarayya da ke karɓar marasa lafiya daga ƙasar Katagum da maƙwabtanta, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, sannan a Gadau ga jami'ar jiha da yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. A ƙara da makarantun kuɗi, da kantunan magani, da manyan 'yan kasuwa masu ba da kaya bashi. Kowannensu yana riƙe da sunayen mutane da lambobinsu, da abin da suka biya da abin da ake bin su. Abin da a da ke cikin manyan littattafai masu bangon kwali yana ta komawa cikin kwamfuta, kuma sau da yawa matasanmu ne ke haɗa manhajojin da ƙananan wurare ke aiki da su. Idan fotal ya ƙi buɗewa, ko sunan ɗalibi ya fito a karkace, amsar da aka saba ji ita ce, "Ba netwok, a dawo gobe." Wani lokaci gaskiya ne. Amma akwai wata cuta da ba ruwanta da netwok, wadda ko'ina a duniya take kama masu wannan sana'a, kuma ya kamata mai makaranta da mai asibiti su san ta, tunda su ne ke biyan kuɗin aikin, su ne kuma ake zagi idan ya lalace.

Bayanan da manhaja ke aiki da su suna zaune ne a abin da ake kira rumbun bayanai, wanda tarin tebura ne. Tebur shi ne shafin rajista da aka mayar cikin na'ura: a samansa akwai gurabe, na suna, na ranar haihuwa, na ƙaramar hukuma, na lambar waya, a ƙasa kuma layuka, kowane layi mutum guda. Duk mai haɗa manhaja da ya san aikinsa yana da irin wannan rumbu aƙalla biyu. Akwai rumbun aiki, wanda ke kan babbar na'ura, wanda akawu da mai yankar kati ke rubutu a ciki dare da rana. Akwai kuma rumbun gwaji, galibi a kwamfutar mai haɗa manhajar, inda yake ƙara abu, ya rage, ya ɓata ya gyara ba tare da an ji kansa ba. Ranar farko rumbunan biyu tagwaye ne. Bayan wata shida kuwa an ƙara gurbi a wannan ba a ƙara a wancan ba, an faɗaɗa wani a can an manta da shi a nan, har a wayi gari abin da aka gwada ya yi aiki lafiya a ɗaki, aka ɗora shi a fili ya kife.

Maganin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne kwafi: a zazzago rumbun aiki gaba ɗaya a zuba a na gwaji, ko kuma, wanda ya fi muni, a ɗauki na gwaji a danne na aiki da shi. Ra'ayina shi ne wannan tunani tun daga tushe ya kuskure hanya, domin ya ɗauka abu guda ne ake son daidaitawa, alhali abu uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai tsarin tebur, wato sunayen gurabe da irin abin da kowanne ke karɓa. Akwai jerin abubuwan da ba su cika canzawa ba, irin su jihohi da ƙananan hukumomi da sassan karatu. Akwai kuma bayanan mutane. Na farko dole ya zama iri ɗaya ko yaushe, kuma daga gwaji yake tafiya zuwa aiki, ba ya juyowa. Na biyu yana bin sawun na farko. Na uku kuwa ba a son ya zama iri ɗaya sam. Tela ba ya ba yaron shagonsa shaddar mai biki ya koyi yanka a kanta; yadi mai araha yake ba shi, amma awon da zai bi shi ne dai awon rigar. Idan awo ya saɓa, koyon bai yi amfani ba, idan kuma aka ba shi shaddar, an yi ganganci da kayan mutane.

A duba yadda saɓanin awo ke faruwa a zahiri. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga masu rajista, don haka makarantu da dama suka ga ya dace su buɗe wa lambar gurbi a teburin ɗalibai. Lambar tana da alƙaluma 11. A MySQL, manhajar rumbun bayanai da ƙananan masu haɗa manhaja da yawa ke amfani da ita, gurbin lamba na yau da kullum ba ya ɗaukar abin da ya haura 2,147,483,647, wato alƙaluma 10. A ce wani matashi ya buɗe gurbin da wannan nau'i. Kwamfutarsa tana da sabon zubi, wanda tun daga na 5.7 yake ƙin karɓar lambar da ta fi ƙarfin gurbi, sai ta nuna masa kuskure, ya gyara nan take, ya ci gaba da aikinsa. Amma tun jiya ya riga ya shiga babbar na'ura ta manhajar phpMyAdmin ya buɗe gurbin da hannu a tsohon nau'insa, kuma wannan na'urar an saita ta da sassauci. Ba za ta yi gardama ba. Duk lambar da aka ba ta sai ta datse ta zuwa iyakar abin da take iya ɗauka, ta ajiye. Sai a ƙarshen zango a tarar ɗaruruwan ɗalibai suna da lamba guda, 2147483647, kuma lambobinsu na gaskiya ba su taɓa shiga ko'ina ba, sai an sake kiran kowa ɗaya bayan ɗaya. Haka lambar waya take: idan aka ajiye ta a gurbin lissafi maimakon na rubutu, sifilin farko sai ya faɗi.

Mu Hausawa muna da wani ƙarin dalili da ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da ake kira latin1, wanda shi ne MySQL ke zaɓa da kanta har zuwa zubi na 8.0 da ya fito a 2018. Idan rumbun gwaji sabo ne, na aiki kuma an kafa shi shekaru da suka wuce, Ɗanladi da Ƙasimu za su fito daidai a gaban mai haɗa manhaja, a takardar sakamako kuwa alamar tambaya ce za ta tsaya a madadin harafin farko. Wanda ya taɓa zaryar gyaran suna tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa ya san harafi guda ba abin wasa ba ne.

Hanyar da masana suka daɗe da tsayawa a kanta mai sauƙin faɗa ce: kada hannu ya taɓa tsarin tebur kai tsaye, a ko wane rumbu. Duk sauyin da za a yi, a rubuta shi a ɗan fayil mai lamba. Na 14 ya ce a ƙara gurbin NIN mai ɗaukar haruffa 11, na 15 ya ce a mayar da teburin ɗalibai tsarin haruffan da ya san ɗ da ƙ. A ajiye fayilolin tare da sauran rubutun manhajar a Git, inda ake ganin wanda ya rubuta me da ranar da ya rubuta. A cikin kowane rumbu kuma akwai wani ƙaramin tebur da ba ya komai sai riƙe lambobin sauye-sauyen da aka riga aka zartar. Daidaitawa sai ta koma tambaya guda: kai ina ka tsaya? Rumbun gwaji ya ce 15, na aiki ya ce 13, sai a zartar da 14 da 15 bi da bi, shi ke nan. Martin Fowler da Pramod Sadalage sun bayyana wannan salo a rubuce tun 2003, kuma yau ba sai an saya ba: manhajojin Liquibase da Flyway da ke wannan aiki suna da zubin kyauta, Laravel da Django kuma da abin suke zuwa a jikinsu. Sharaɗi guda ne ke riƙe da ginin duka, wato fayil ɗin da aka riga aka zartar ba a komawa a gyara shi. Idan an yi kuskure a 14, a rubuta 16 ya warware shi. Flyway ma takan lissafa wata lambar shaida ga kowane fayil, idan aka taɓa ko harafi guda daga baya sai ta ƙi ci gaba.

Wanda ke ganin wannan tsanani ya yi yawa ya tuna da abin da ya faru da jarrabawar UTME ta 2025. Ranar 14 ga Mayu shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗa a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Bayanin da aka yi shi ne wani gyara da ya kamata ya hau kan dukkan na'urori ya hau wasu, bai hau wasu yadda ya kamata ba. A Amurka ma, ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan na'urori bakwai aka tsallake ta takwas. Waɗannan ba labarin tebura ba ne kai tsaye, amma cutar ɗaya ce: wurare biyu da kowa ya ɗauka iri ɗaya ne, babu kuma wata rubutacciyar shaida da na'ura za ta duba ta ce a'a. Ba jahilai ne suka yi waɗannan kurakurai ba. Ƙwararru ne da suka dogara da tunawa, ita kuwa tunawa ba ta da amana ranar da aiki ya yi yawa.

Jerin abubuwa tabbatattu shi ne ɓangaren da ake rainawa, kuma a nan ƙasar Katagum misalinsa a bakin ƙofa yake. Katagum gari ne, tsohuwar hedikwatar masarauta kafin a mayar da ita Azare a 1916, kuma yau garin yana cikin ƙaramar hukumar Zaki. Katagum kuma ƙaramar hukuma ce mai hedikwata a Azare. Katagum har wa yau masarauta ce. Manhaja ba ta ajiye sunan a layin kowane mutum, lamba take ajiyewa da ke nuni zuwa teburin ƙananan hukumomi. Idan an cika wannan tebur da hannu a wurare biyu, lamba 12 tana iya zama Katagum a rumbun gwaji, ta zama wata ƙaramar hukumar a na aiki, sai rahoto ya kwashe mutanen Azare ya kai su inda ba su taɓa kwana ba, ba tare da wata alamar kuskure ta bayyana ba. Ƙananan hukumomin Bauchi 20 ne, na ƙasa 774. Ba wani yawa ne da su da zai hana a rubuta su sau ɗaya a fayil mai lamba, kowace da lambarta da ba ta canzawa. In an sauya wa wata cibiya suna, kamar yadda aka yi wa jami'ar Gadau, sabon fayil ne zai ɗauki sauyin, lambar kuma ta zauna inda take.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce ta bayanan mutane. Mai haɗa manhaja zai ce, kuma yana da gaskiya, wasu kurakurai ba sa fitowa sai a kan bayanan ainihi: mutumin da ba shi da ranar haihuwa sai shekara, mace da aka rubuta da sunan mahaifi a nan da na miji a can, Muhammad da aka rubuta ta hanya biyar. Kuma manhajar da ke gudu a kan layi 50 tana iya rarrafe a kan layi 50,000. Amma abin da yake bukata shi ne siffar bayanan da yawansu, ba ainihin mutanen ba. Ana iya ɗauko kwafi daga rumbun aiki, tun kafin ya bar babbar na'ura a bi ta kansa da umarnin da ke sauya sunaye, ya hargitsa lambobin waya da na NIN, ya goge adireshi, amma ya bar giɓi inda giɓi yake, ya bar tsawo da yawa yadda suke. A gari irin Azare wannan ba ƙa'idar takarda kawai ba ce. Wanda sakamakon gwajin jininsa ke cikin kwamfutar wani matashi mai yiwuwa limamin unguwarsu ne ko surukarsa, kwamfutar kuma tana zuwa wurin mai caji da mai gyara, ana sace ta, ƙanne suna kallon fim a cikinta. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman, ta kuma tanadi tarar da ga manyan masu riƙe bayanai za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Wani zai kawo labarin kamfanin GitLab ya ce ai kwafin gwaji ne ya cece su. Haka ne. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyansu, yana ƙoƙarin gyara daidaito tsakanin babban rumbu da mataimakinsa, ya ba da umarnin gogewa a kan babban yana zaton mataimakin ne, kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka koma ga ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki, saboda manhajar da ke ɗaukarta tsohon zubi ce da bai dace da rumbun ba. Abin da aka samu shi ne wani kwafi da aka ɗauka domin wurin gwaji kusan awa shida kafin nan, aka dawo da shi, aikin awa shida ya salwanta. Darasin da ke ciki ba wai a riƙa tara kwafi a wuraren gwaji ba ne. Sa'a ce ta yi aiki a ranar, kuma abin da ya kashe ajiyar tasu ma saɓanin zubi ne da babu wanda ya lura da shi. Ajiya aiki ne mai zaman kansa, ana ɗaukarta a kan lokaci, ana kuma gwada dawo da ita tun ana zaune lafiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta fuskar tsada ma, wannan hanya ita ta fi dacewa da wurin da wuta ke ɗaukewa, data kuma ke cin aljihu. Fayil ɗin sauyi 'yan layuka ne, ko sabis mai rauni zai tura shi cikin ƙiftawar ido, alhali kwafin rumbu duka yana iya yankewa a tsakiya ya bar tebura rabi sabo rabi tsoho. Inda ake bukatar sabunta kwafin da aka ɓadda wa kama, ba sai an sake jido komai ba. Idan kowane layi yana da gurbin lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, sai a ɗauko waɗanda suka canza tun daga jiya kawai. Abin lura a nan shi ne layin da aka goge ba ya barin sawu, shi ya sa da yawa ke sa masa alamar an soke maimakon a cire shi.

Saura masu cewa su ƙanana ne, mutum ɗaya ne da kwamfutarsa, wannan duk bidi'ar manyan kamfanoni ce. A ganina ƙaramin ne ma ya fi bukata, domin babban kamfani yana da wanda zai tuna idan wani ya manta, shi kuwa mutum ɗaya in ya tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki a Abuja, da ilimin rumbun duka ya tafi. Batun gaggawa kuwa gaskiya ne: ranar rufe rajista, iyaye sun cika harabar makaranta, babu mai haƙurin jiran tsari. Amma rubuta umarnin a fayil da buga shi kai tsaye a babbar na'ura bambancinsu bai wuce 'yan mintoci ba, tunda umarnin dai guda ne. In ma tilas ta sa an taɓa da hannu, to kafin a kwanta a rubuta abin da aka yi a ba shi lamba.

Akwai kuma manhajojin da ke kwatanta rumbuna biyu su fitar da bambancinsu, har su rubuta umarnin daidaitawa da kansu. Suna da amfani wajen bincike, a gano ko wani ya yi sauyi a ɓoye, amma ba a sakar musu linzami. Na'ura tana ganin bambanci, ba ta ganin niyya. Idan aka sauya wa gurbi suna a rumbun gwaji, abin da za ta iya fahimta shi ne wani gurbi ya ɓace, wani sabo ya bayyana, sai ta ba da shawarar a rushe tsohon a buɗe sabo fanko, garin gyaran gira a rasa ido. Mutum ne ya san abin da ke cikin tsohon ake son ya koma sabon. Shi ya sa sauyi mai haɗari ake yin sa hawa-hawa: a buɗe sabon gurbi, a kwashe bayanai zuwa cikinsa, a juya manhaja ta koma karanta shi, a bar tsohon ya yi makonni yana nan, sai an tabbatar babu abin da ke nemansa sannan a cire.

Shugaban makaranta ko na asibiti ba sai ya iya karanta ko layi guda na waɗannan fayiloli ba kafin ya kare wurinsa. Lokacin ba da kwangila, ya sa a rubuta cewa fayilolin sauyi mallakar cibiyar ne, za a miƙa su tare da manhajar, kuma bayanan mutane ba za su fita daga babbar na'ura da kamanninsu ba. Kafin ya biya kason ƙarshe, ya kawo kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ya ce a gina masa rumbu fanko a kanta daga fayil na 1 zuwa na ƙarshe a gabansa, sannan a kwatanta tsarinsa da na rumbun aiki. Idan sun fito iri ɗaya, duk wanda ya gaji aikin gobe zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Idan an samu gurbi ko guda da ke can ba ya nan, to akwai sauyin da aka yi da hannu ba a rubuta ba, kuma a nemi bayaninsa tun mai kwangilar yana amsa waya.